Ƙulli Takwas a Zaren Wuyana

Na sauka a Maiduguri da akwatin kayan aiki ɗaya, da jakar tufafi, da ƙulli biyu a zaren wuyana. Akwatin bai kwana a hannuna ba.

Ɗanjuma ne ya kira ni, ɗan ƙauyen da ke kusa da namu a ƙasar Malumfashi. Ya ce garin nan wuta ba ta zama, kowane gida da janareto, mai gyara ba ya zaman banza. Ya tarbe ni a tasha da fara'a, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya tsayar da keke mai ƙafa uku, ya sa akwatin a ciki, ya zauna kusa da shi, ya ce wuri ya cika, in hau na baya mu haɗu a Bolori. Ni kuwa na ɗauka Bolori wani layi ne mai bishiya ɗaya da kowa ya sani. Na yini ina tambayar mutane ko sun san Ɗanjuma, su kuma suna tambayata wane Ɗanjuma. Wayarsa a kashe. Kwana uku na yi a rumfar wani mai shayi, ina wanke masa kofuna, shi yana ba ni burodi. Kunya ta hana ni komawa gida.

Sai na bayyana zancen ƙullin nan, don a kansa duk labarin yake. Mu Katolika muna da wata ibada ta Zuciyar Yesu Mai Tsarki. Mutum ya je Mas, wato babbar ibadarmu ta coci, ya karɓi Jikin Yesu, gurasar nan mai tsarki, a Juma'ar farko ta kowane wata, wata tara a jere. In ya tsallake ɗaya, ko da ta tara ce, sai ya koma farko. Alkawarin da ke ciki, yadda katikis ɗinmu, mai koya mana addini a coci, ya karanta mana, shi ne wanda ya cika taran nan ba zai mutu a waje da alherin Allah ba.

Babana Nomau Bamaguje ne, bai taɓa yarda an yi masa baftisma ba. Inna ta shiga coci tun ina goye. Bai hana ta ba, bai hana mu ba, har shi ke ba da damin dawa in za a yi godiyar girbi. Amma in Fada ya zo gidanmu da zancen, sai Baba ya sa a shimfiɗa masa tabarma a dama masa fura, ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Fada, ubana da kakana ba a zuba masu ruwa ba. In na je can na iske ba su nan, da wa zan yi hira?" Da ƙafafunsa suka fara kumburi, likita ya ce zuciya ce kuma magani sai dai ya sassauta, sai tsoro ya kama ni. Na yanke a raina zan yi Juma'a taran nan da sunansa. Ban gaya wa kowa ba, ko Inna, ko katikis. Ni mutum ne mai bar wa cikinsa, kuma na ɗauka in na faɗa za a ce ina nuna kaina. Kowace Juma'a in na dawo daga gaban bagade, sai in yi ƙulli ɗaya a zaren da nake rataye ƙaramar lambar Zuciyar Yesu.

Juma'a ta uku ta same ni a rumfar mai shayi. Shi ya kwatanta mini wani coci a Wulari. Na isa ƙofar da sassafe, cikin kaftani da hula, kwana uku ba wanka, jaka a kafaɗa. Samarin da ke binciken masu shiga suka tsayar da ni, suka tambayi sunana. Sunan baftismata Bulus, amma babu mai kirana da shi sai Fada. Bakina ya riga ni, na ce, "Garba."

Suka ja da baya gaba ɗaya. Ɗaya ya ce, "Malam, masallaci yana can gaba." Wani ya ce in ajiye jakar a hankali in matsa. Na ce ni Katolika ne tun ina cikin zanin goyo, amma na faɗa da Hausar Katsina tsantsa, kuma ina ɗaga murya, wanda ya ƙara lalata abin. Yanzu ba na ganin laifinsu. Garin ya ga abin da ya gani, wasunsu sun binne 'yan'uwansu. A lokacin kam zuciyata tafasa take, ga ƙararrawa ta buga, ni kuma ina waje.

Wata mata mai jiki, da ɗankwali ja da fari, ta ratso su ta tsaya gabana. Ta ce, "Kai, yi mana addu'ar gaisuwar Maryamu." Na yi ta da Hausa, daga farko har ƙarshe. Ta juya ga samarin ta ce, "Kalmomi kowa zai iya haddacewa. Amma kun ga ya sunkuyar da kai wurin sunan Yesu? Wannan uwarsa ta koya masa. Ku duba jaka, ku bar shi ya shiga." Ni ban ma san na sunkuyar da kan ba.

Sunanta Mama Ngozi. 'Yar kudu ce, amma ta fi shekara talatin a Maiduguri, tana da shagon kayan janareto a kasuwa. Bayan Mas ta ji labarina, ta ambaci Allah da yarensu, ta ce, "Cineke! Ka ba mutum akwati ka hau keken baya? Kai wane irin Bahaushe ne?" Ta ba ni sifana uku da filaya da sukurdireba, ta nuna mini gindin dogonyaron da ke gaban shagonta. Duk wanda ya sayi kaya ya rasa mai ɗaurawa, sai ta nuna ni da baki.

A wurinta na san ibadar ƙarfe uku. A bangon shagon akwai hoton Yesu, haske biyu na fitowa daga ƙirjinsa, ɗaya ja ɗaya fari. Ƙarfe uku na rana, sa'ar da ya cika a kan gicciye, ko kana tsakiyar ciniki da ita sai ta ce ka jira. Mata biyu ko uku su shigo daga wasu layuka, su durƙusa bayan kanta, su ja carbin Jinƙan Allah, suna roƙa wa kansu da duniya duka. Ni ban cika shiga ba. Ina ganin tawa ibadar ta fi nauyi, tunda tawa wata tara take ɗauka, tasu kuwa ko shayi bai huce ba sun gama.

Mai kula mata da shago a wannan lokacin wani tsoho ne Babarbare, Ba Modu, mai sayar da huluna a shagon da ke jikin nata. In shi ma ya tafi salla, ita ke kula da nasa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a wani gari. Mama Ngozi ta yi masa magana, ya ba ni ɗakin zaure a gidansa na Umarari. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Afuno kuma Kirista? Yau na ga sabon abu." Afuno shi ne Bahaushe a bakinsu. Tun daga ranar bai ƙara kirana da wani suna ba.

Ina da nauyin barci, abin da Inna ta yi ta fama da shi ke nan. Na roƙi Ba Modu ya riƙa tashina duk Juma'ar farko ta wata. Bai tambaye ni dalili ba. Da ya idar da sallar Asuba sai ya buga ƙyauren da sandarsa ya ce, "Afuno, tashi, yau Juma'arka ce." Ya fi ni riƙe lissafin.

Kewar gida ta dame ni a watannin zafi. Zafin garin nan ba ya jin roƙo. Ga abinci, kullum burabusko da miyar banda, ni kuwa tuwon dawa nake mafarki da miyar kukar Inna. A coci akwai masu Hausa, 'yan kudancin Borno, mutanen kirki, amma in suka rera waƙar da na sani sai in ji sun karkata ta wani wuri daban. Ranar Lahadi nake kiran gida. Baba ya karɓi waya ya ce, "Injiniya, an gama gyaran wutar Barno?" Sai ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ina jin yadda tarin ke ƙara tsawo daga wata zuwa wata.

Juma'a ta huɗu ta wuce lafiya. Ta biyar na kusa rasa ta. An kai ni wani gari a wajen birni gyaran injin rijiyar burtsatse, aikin ya ja har yammacin Alhamis, garin kuma ba coci. Ana rufe hanyar shiga Maiduguri tun da sauran rana. Na bar injin a buɗe, na ɗare bayan wata motar albasa, muka shige ana shirin jan shinge. Mai aikin bai ƙara nemana ba, kuma yana da gaskiya.

Ta shida zazzaɓi ya kwantar da ni, ko tsayuwa ba na iyawa. Ba Modu ya buga ƙofa, ya ga halin da nake ciki, ya ce in kwanta Allah ya san uzuri. Na ce sai na je. Ya yi tsaki, ya faɗi wata magana da Barbarci wadda na tabbata ba yabo ba ce, ya fita ya kira keke. Ya riƙe ni har ƙofar coci, ya miƙa ni ga samarin nan da yanzu sun san ni, ya koma gindin bishiya a tsallaken titi ya zauna da carbinsa har na fito.

Ana gobe ta bakwai na ga Ɗanjuma. Yana tsugune a wani layi na kasuwa yana kwance janareto da sifanata, wadda na yi wa zane uku da zarto a gindi. Ban yi masa sallama ba. Sai da mutum huɗu suka ɓamɓare ni daga kansa. Na dawo da sifana ɗaya da kumburin ido, sauran kayan ya ce sun daɗe da tafiya. Sannan na tuna gobe Juma'a, kuma ba a karɓar Jikin Yesu da irin wannan a wuya. Na yi sammako na tare Fada kafin Mas don in furta zunubi. Ya ce, "Ka yi nadamar dukan da ka yi masa?" Na ce, "Fada, gaskiya na yi nadamar ranar da na zaɓa." Na ji yana danne dariya. Bai sallame ni ba sai da ya kai ni inda na iya cewa, da gaske, ina so in yi nadama. Ya ce Allah yana iya farawa daga nan.

Ta takwas ba abin da ya faru. Na yi ƙullin a bakin ƙofar coci, na shafa su ɗaya bayan ɗaya. Saura ɗaya.

A makon ta tara Inna ta kira ta ce Baba ya daina fita zaure, a zaune yake kwana don numfashi. Na ce mata ta yi haƙuri zuwa Juma'a. Ta ce, "Me ke akwai ran Juma'a?" Na ce babu komai.

Ran Juma'ar nan, Ba Modu bai buga ƙofa ba. Kukan kaji ya tashe ni, gari ya fara haske. Na duba waya, in na fita yanzu zan samu Mas. Na zura riga na fito, har ina shirin yi masa tsiya cewa yau Afuno ya riga shi. Na same shi a tsakar gida, kwance a gefen tabarmar sallarsa, buta ta kife, bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe yana kallona.

Zan faɗi gaskiya, tunda na faɗa wa Fada. Na tsaya. Na tsaya ina auna cewa Mas minti arba'in ne, in na buga wa maƙwabci ƙofa na ruga, zan dawo kafin a yi nisa. Har na kai zaure. Abin da ya dawo da ni, sandarsa na gani a ƙasa, a bakin ƙofata. Ashe ya taho tashina ne abin ya kama shi, ya ja jiki ya koma.

Na saɓa shi a baya zuwa titi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A asibiti aka ce hawan jini ne ya buge shi, kuma dole wani nasa ya tsaya. Na ce ni ne nasa. Na yini ana aikena, karɓo wannan, kai wancan, riƙe masa hannu kada ya fizge allura. Ban damu sosai ba, don na san akwai Mas na yamma. 'Yarsa Ya Falmata ta taso tun safe, amma shingayen hanya suka riƙe ta, ba ta iso ba sai bayan biyar. Na ruga coci. Na isa mutane na fitowa. Na nemi Fada ko zai ba ni Jikin Yesu ni kaɗai, katikis ya ce Fadanmu ya yi tafiya, baƙo ne ya yi Mas, kuma motarsa ta fita yanzun nan. Na bi titi da gudu kamar zan kamo mota da ƙafa. Daga baya na zauna a bakin kwalbati na yi kuka, mutane na wucewa suna kallona.

Washegari na je shago ban iya taɓa komai ba. Mama Ngozi ta ce Ba Modu ya buɗe baki ya sha ruwa, me kuma ya same ni? A nan na faɗa mata duka, karo na farko da na faɗa wa wani mahaluki. Na ce sai na koma farko, Baba kuma ba zai kai wata tara ba, ba zai ma kai wata ɗaya ba.

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Tsaya. Da sunan babanka kake yi?"

Na ce e.

"Wa ya ce maka ana yi wa wani? Alkawarin na wanda ya karɓa ne da bakinsa. Kai ka ci tuwo, babanka ya ƙoshi? Wata shida kana zaune a ƙofar shagona, ba ka iya buɗe baki ka tambaya ba?"

Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa. Na tuna motar albasa, na tuna zazzaɓi. Na ce ashe duk a banza na yi.

Ta ce, "Ba a banza ba, ɗana. Amma kana tsammani Allah yana zaune yana jira ka cika tara kafin ya ji tausayin tsoho? Mai shirin tafiya, carbin jinƙai ake yi masa, a kusa da shi."

Na ce yana Malumfashi, motocin yau kuma sun tashi tun safe.

Ta ce, "Wayarka ta mutu ne?"

Ƙarfe uku saura kaɗan ta ja ƙofar shago ta rufe, tunda mai kula mata yana asibiti. Matan suka shigo. Na kira Inna na ce ta ajiye wayar kusa da kunnen Baba. Muryarsa ta zo a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi.

"Injiniya. Mi ya faru?"

Na yi niyyar in ce addu'a kawai za mu yi masa. Sai na ji ina faɗa masa komai, zaren, ƙullin, ta taran da na rasa, da dalilin rasa ta.

Ya ce, "Tsohon ya tashi?"

Na ce ya sha ruwa, amma gefe ɗaya ba ya motsi.

"Da ka tsallake shi ka tafi ibada da sunana, da ka ja mani abin kunya." Ya yi tari mai tsawo. Sannan ya ce, "Wanga Allah naku, shi ma haka yake? In ya iske tsoho a ƙasa, shina tsayawa?"

Mama Ngozi ta sunkuyo kan wayar ta ce, "Baba, ai aikinsa ke nan."

Ya ce, "Wace ce wannan?"

Na ce ita ce ta shigar da ni coci ranar da aka hana ni.

"To. Ku yi abinku, ina ji."

Muka durƙusa bayan kanta, tsakanin kwalayen fulogi da galan-galan na baƙin mai. Mama Ngozi ta ce ni zan ja, da Hausa. Na ja, suna amsawa, kowace da irin Hausarta, Inna ma tana amsawa daga can. A bayan muryarta ina jin numfashinsa. Haka muka ci gaba har muka gama. Inna ta ce barci ya ɗauke shi.

Na hau motar farko ran Lahadi. Muna tsakanin Damaturu da Potiskum ƙanena ya kira, wajen sha biyun rana. Baba bai nemi baftisma ba, kuma ba wanda ya zuba masa ruwa yana barci, Inna ba za ta yi masa haka ba. An binne shi yadda aka binne ubansa, kusa da shi. Mutanen coci sun zo gaisuwa, wasu suna tambayata a hankali ko ya karɓi baftisma kafin ya tafi. Na ce musu a'a.

Bayan mako uku na koma Maiduguri. Ya Falmata ta so ta tafi da mahaifinta, ya ƙi barin gidansa. Yanzu ni ke buga masa ƙofa da asuba, in zuba masa ruwan alwala a hannun da ba ya ɗaguwa. Na sa ƙararrawa uku a waya don kada barci ya ci amanata. Maganarsa ba ta fita sosai, amma Afuno yana fita. Zaren yana wuyana da ƙullinsa takwas, ban ƙara ba, ban kwance ba. Ƙarfe uku kuwa ina ajiye sifana in shiga shago.

Ban san inda Baba yake ba, kuma na daina yin kamar ni zan yanke wannan. Abin da nake riƙe da shi, Inna ce ta faɗa mini ranar da zan taho, tana ɗaure mini kuka da daddawa a leda. Ta ce safiyar Lahadin nan bai nemi abinci ba, bai nemi magani ba. Sau biyu ya buɗe ido ya tambaye ta ko ƙarfe uku ta yi.